Tambayi Likita: Maganin Ciwon Jiki Da Borin Jini

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili a kan magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi, wato an sha magani don neman sauƙi sai jiki ya yi bore. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata budurwa a Kano

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 24. Na daɗe ina shan ibufurofen idan ciwon mara ya taso mini lokacin al'ada, kuma ban taɓa ganin matsala ba. Wata uku da suka wuce na sha ƙwaya ɗaya, kafin a yi awa guda sai jikina ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓena da fatar idanuna suka kumbura. Mahaifiyata ta ba ni manja na sha, ta kuma shafa mini, washegari abin ya lafa. Da wata ya zagayo na gaya wa mai kemis, ya ce in bar wancan, ya ba ni dikulofenak. Abin da ya biyo baya ya fi na farko muni, har muryata ta dishe. Shin borin jini ne? Kuma me zan riƙa sha?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da maganar dishewar murya, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Kumburin leɓe da fatar ido yana da ban tsoro idan mutum ya dubi madubi, amma shi kaɗai ba ya ɗaukar rai. Murya kuwa idan ta dishe bayan shan magani, alama ce cewa kumburin ya gangara maƙogwaro inda hanyar numfashi take, kuma hanyar nan ba ta da faɗin da za ta jure kumburi mai yawa kafin ta toshe. Saboda haka ina roƙonki kada ki sake shan ko ɗaya daga cikin magungunan nan biyu, ko wani ɗan'uwansu, har sai likita ya zauna da ke ya ji labarin daga farko.

Abin da mai kemis ya yi shi ake kira an gudu ba a tsira ba, domin ibufurofen da dikulofenak Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sunansu daban, launin ƙwayarsu daban, kamfanonin da ke yin su daban, amma gida ɗaya suka fito, gidan da asfirin ne dattijon cikinsa. Likitoci suna kiran wannan gida NSAID a taƙaice, ma'ana magungunan rage zafi da kumburi da zazzaɓi waɗanda ba dangin sitiroyid ba. Tunda a jikin kwali da rubutun Turanci za ki gan su, bari in rubuta miki su yadda suke: aspirin, wanda wani lokaci ake rubuta shi acetylsalicylic acid, sai ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam, indomethacin, ketoprofen da mefenamic acid. Sunan kasuwa shi ne ke ruɗar mutane. Brufen ibufurofen ne, Voltaren da Cataflam dikulofenak ne, Feldene firoksikam ne, Indocid indometasin ne, Ibucap kuma ibufurofen ne aka haɗa shi da farasitamol da kafeyin. Ki saba da duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, domin nan ne ake faɗin ainihin abin da ke cikin ƙwayar.

Dalilin da ya sa jikinki ya ƙi su duka biyun yana cikin yadda suke aiki. Akwai wani sinadari a jikin ɗan Adam da ake kira COX, aikinsa shi ne ya ɗauki wani nau'in kitse daga bangon ƙwayoyin halitta ya mayar da shi furostagilandin, wanda shi ne ke kawo zafi da kumburi da zazzaɓi, shi ne kuma ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa lokacin al'ada. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ya gano a 1971 cewa asfirin da danginsa toshe wannan sinadari suke yi, kuma aikin nan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982. To amma duk wanda ya taɓa ganin mai noman rani yana ban ruwa ya san cewa idan aka datse bakin wani fangali, ruwan ba ya ɓacewa, karkata yake yi ya shiga na gaba. Haka kitsen nan yake karkata zuwa wata hanya da ke samar da wasu sinadarai da ake kira lukotirin, waɗanda ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi yoyo fata ta kumbura, su kuma matse hanyoyin iska a huhu. Bayan haka, ɗaya daga cikin furostagilandin ɗin da maganin ya rage shi ne ke kwantar da ƙwayoyin da ke sakin histamin, sinadarin ƙaiƙayi, don haka idan ya ragu sai su saki abin da ke cikinsu. A jikin yawancin mutane wannan karkatar ba ta kai ta yi ɓarna, amma a jikin wasu takan kai, kuma ga irin waɗannan duk maganin da ke toshe COX da ƙarfi zai tayar musu da bore, ko da ba su taɓa shan shi ba a rayuwarsu.

Akwai wani nau'i na biyu, wanda a cikinsa garkuwar jiki ce take riƙe magani guda ɗaya a matsayin abokin gaba, ta yadda mutum zai yi bore da dikulofenak misali, amma ya sha asfirin lafiya lau. Ke kuwa tunda magunguna biyu masu tsari daban-daban ne suka tayar miki, abin ya fi kama da nau'in farko, wanda ya shafi gidan gaba ɗaya. Babu gwajin jini ko na fata da ke tabbatar da wannan nau'i. Abin da ake dogara da shi shi ne labarin da mara lafiya ya bayar, sai kuma, idan akwai shakka, a ba shi maganin kaɗan-kaɗan a asibiti, likita yana tsaye a kansa da kayan ceto a kusa. Wannan gwaji ba na gida ba ne ko kaɗan, ko da rabin ƙwaya ne. Kada kuma shekarun da kika yi kina shan ibufurofen lafiya su sa ki yi tantama, domin haka abin yake zuwa wa mutane da yawa, bayan dogon lokaci ana zaman lafiya da magani.

Game da abin da za ki sha, farasitamol ba ya cikin wannan gida, kuma mafi yawan masu irin matsalarki suna shan shi ba tare da komai ba. Ki fara da ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ki ga yadda jikinki zai karɓa, kuma kada babba ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, saboda hanta. Ɗora gorar ruwan ɗumi a mara yana taimakawa fiye da yadda ake zato. Idan ciwon ya fi ƙarfin wannan, ki ga likitan mata, domin akwai magungunan daidaita al'ada da ke rage ciwon sosai, kuma ciwon mara mai tsanani kansa abin bincike ne. Akwai kuma selekoksib, wanda ɓangare ɗaya kawai na COX yake toshewa, yawancin masu boren dangin asfirin suna ɗaukarsa, amma ƙwayar farko a gaban likita ake shan ta.

Mahaifiyarki ta yi abin da iyayenmu suka gada, kuma da ƙauna ta yi shi, amma gaskiya ita ce manja ba ya kwantar da wannan bore. Abin ya lafa ne saboda maganin ya fita daga jininki. Abin da nake tsoro shi ne a ɗura wa mutum manja ko madara alhali maƙogwaronsa ya kumbura, ya ƙware, man ya shiga huhu, a kuma ɓata mintunan da ya kamata a ce ana hanyar asibiti. Ki sanar da mutanen gidanku cewa idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko murya ta canja, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebi mutum yana neman suma, to mota za a nema nan take. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a tsokar cinya, rabin miligiram ga babba, a kuma maimaita bayan minti biyar idan babu sauƙi. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro kuma ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Mai jiri a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, wanda numfashi ya fi damu a bar shi a zaune, kuma kada a miƙar da shi tsaye da sauri. Ko an samu sauƙi ana riƙe mutum na wasu awanni, saboda boren yakan dawo karo na biyu. Ki rubuta sunayen magungunan nan biyu a ƙaramar takarda ki ajiye a jakarki, ki nuna ta ga duk wanda zai rubuta miki magani ko zai yi miki allura, har da ranar haihuwa idan Allah ya kai mu.

Tambaya ta biyu, daga wani magidanci a Gusau

Likita, barka da aiki. Ban taso da asma ba, sai da na haura shekara talatin ta kama ni. Hancina kullum a toshe yake, ba na jin ƙanshi ba na jin wari, an yi mini aikin cire tsiro a hanci sau biyu amma yana dawowa. Sau biyu kuma na sha garin maganin ciwon kai irin na 'yar takarda, ƙirjina ya riƙe har aka kwantar da ni. Abokaina suna cewa ƙurar hunturu ce kawai. Akwai alaƙa tsakanin waɗannan abubuwa?

Amsa

Barka kadai, Malam. Akwai alaƙa, kuma da za a nemi misalin wannan cuta don koyar da ɗalibai, da wuya a samu wanda ya fi wasiƙarka cika. Abubuwa uku da ka lissafa, wato asmar da ta zo bayan girma, da tsiron hanci mai dawowa, da riƙewar ƙirji bayan shan asfirin, rassa ne na cuta ɗaya, kuma likitoci sun daɗe da saninta. Kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da asfirin kasuwa a 1899, kuma tun a 1902 aka rubuta labarin mutumin farko da jikinsa ya kumbura bayan shan shi. A 1922 likitan Faransa Fernand Widal da abokan aikinsa suka bayyana haɗuwar alamomin nan uku a jikin mutum ɗaya, a 1968 kuma Max Samter da Ray Beers a Amurka suka yi cikakken bayaninta, shi ya sa har yau ake danganta ta da sunan Samter. Wanda ya nuna cewa toshe COX ne tushen abin shi ne Andrzej Szczeklik na birnin Krakow a ƙasar Folan, a 1975, kuma daga nan aka fahimci dalilin da ya sa mai wannan cuta yake yin bore da dukkan dangin asfirin.

Kimanin kashi 7 cikin 100 na manya masu asma suna da ita, kuma a cikin masu asma mai tsanani adadin ya kai kusan ninki biyu na wannan. Yawanci takan fara ne kamar murar da ta ƙi ƙarewa a shekarun talatin, sai hanci ya toshe, jin ƙanshi ya tafi, sannan asma ta biyo baya. Idan mai ita ya sha maganin, tsakanin rabin awa zuwa awa uku hanci zai ɓalle da ruwa, idanu su yi ja, fuska ta ɗauki zafi, sannan ƙirji ya matse. Ƙurar hunturu tana tayar da asma, abokanka ba su yi ƙarya ba, amma ƙura ba ta jiran sai ka sha magani kafin ta kama ka. Wani abu kuma da ya kamata ka sani shi ne asfirin ba shi ya haifar maka da cutar ba, tona ta kawai yake yi. Jikin mai wannan cuta yana samar da lukotirin fiye da kima ko bai sha komai ba, shi ya sa barin maganin yake kare ka daga mummunan tashi, amma ba ya hana tsiron hanci dawowa.

Ba na manta wani dare a sashen gaggawa na wani asibiti da na yi aiki. An shigo da wani magidanci a adaidaita-sahu, ya ƙi kwanciya, ya zauna a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ba ya iya haɗa kalma biyu ba tare da ya tsaya neman iska ba. 'Yan'uwansa maza suka ce asmarsa ce ta tashi kamar kullum, babu abin da ya ci, babu abin da ya sha. Muna cikin ba shi magani ta na'urar shaƙa sai matarsa, wadda tun zuwansu take tsaye a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, ta kwance gefen mayafinta ta ciro wata 'yar takarda da aka yage bakinta, da sauran farin gari a ninkinta, ta miƙo mini ta ce bayan sallar isha'i ya kaɗa wannan a ruwa ya sha saboda kansa na ciwo. Na juya takardar na karanta, asfirin ne da kafeyin. Wannan ne karo na uku da aka kwantar da shi a shekarar, kuma a duk kwanciyar baya babu wanda ya tambaye shi ko ya sha wani abu kafin ƙirjin ya riƙe, shi ma bai ɗauki garin ciwon kai a matsayin maganin da za a ambata wa likita ba. Tun daga ranar ba na sallamar mai asma sai na tambaye shi abin da yake sha idan kansa ko haƙorinsa na ciwo.

Garin ciwon kai da aka fi sani a Nijeriya, Alabukun, asfirin ne miligiram 760 da kafeyin miligiram 60 a kowace takarda, kuma an rubuta haka a jikinta. Mutane da yawa suna shan shi lafiya, amma ga mai cutarka wannan awo ne mai yawan gaske. Ka guji dukkan sunayen da na lissafa a amsar farko, kuma ka sani ba ta baki kaɗai suke shiga jiki ba. Allurar ciwon jiki da ake yi a kemis da ƙananan asibitoci sau da yawa dikulofenak ce, akwai na matsawa ta dubura, akwai na ɗigawa a ido bayan aikin ido, akwai kuma man shafawa na ciwon gaɓɓai, sannan wasu man zafi suna ɗauke da wani ɗan'uwan asfirin da ake rubutawa methyl salicylate. Magungunan mura da aka haɗa abubuwa da yawa a cikinsu su ma a karanta su kafin a sha. Farasitamol ya halatta gare ka, sai dai ka tsaya a ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 a lokaci guda, domin idan awon ya kai miligiram 1000 wasu masu cutar sukan ji ƙirjinsu ya ɗan matse.

Cutar tana da kulawa mai kyau idan likitan ƙirji da likitan hanci da maƙogwaro suka haɗa hannu. Ana riƙe asmar da inhela mai sitiroyid ta kullum, ba shuɗiyar nan ta lokacin tashi kaɗai ba, ana wanke hanci da ruwan gishiri a kuma fesa maganin hanci, ana ƙara montelukas wanda ke tare aikin lukotirin. Akwai kuma wata hanya da za ta ba ka mamaki, wato a saba wa jiki da asfirin ɗin kansa. Ana yin ta a asibiti cikin kwana ɗaya zuwa uku, ana farawa da ɗan mitsitsin awo ana ƙarawa a hankali har jiki ya daina bore, daga nan mutum ya ci gaba da shan asfirin kowace rana, kuma an ga hakan yana jinkirta dawowar tsiron hanci, wasu ma jin ƙanshi yana dawo musu. Sharaɗinta shi ne ba a fashi, domin idan aka bar shi na 'yan kwanaki boren yana dawowa kamar ba a yi ba. Ka tambayi likitanka a asibitin koyarwa ko ka dace da ita. Ga sauran masu asma da ke karanta wannan, wanda ya saba shan ibufurofen bai taɓa jin komai ba, ba a ce lallai ya bari ba, amma mai asma da tsiron hanci tare ya nemi shawara kafin ya taɓa su.

Tambaya ta uku, daga wata mata a Maraɗi

Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, Allah ya sa da sauƙi. Likita ya rubuta masa ƙaramin asfirin kullum, amma ya ƙi sha, ya ce yana da alajinsa, domin shekarun baya ya taɓa sha cikinsa ya yi zafi har ya yi amai.

Amsa

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan kula da shi. Zafin ciki da amai ba alaji ba ne. Furostagilandin ɗin da asfirin ke ragewa shi ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, don haka kowa zai iya jin zafin ciki da waɗannan magunguna, musamman idan ya sha da yawa ko babu abinci a cikinsa. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙaramin asfirin mai miligiram 75 yana rage haɗarin sake toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma kalmar alaji idan aka rubuta ta a kati bisa kuskure takan hana mutum maganin da zai kare shi. Ki tambayi Baba cikin ladabi ko a wancan karon jikinsa ya yi rudu-rudu, ko fuskarsa ta kumbura, ko numfashinsa ya riƙe. Idan babu ko ɗaya, ku koma wurin likitan ku gaya masa labarin cikin, zai duba ko akwai gyambon ciki, ya haɗa masa da mai kare ciki irin omefurazol, ko ya sauya masa da kulofidogirel, wani maganin hana toshewar jijiyar jini. Idan ya fara sha kuka ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi a Bauchi

Salam Likita. Aikin gini nake yi, idan na tashi da yamma nakan sayi haɗin ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda. Duk lokacin da na sha sai wani wuri a leɓena da wani a al'aurata su yi ƙaiƙayi da zafi, su yi ja, wani lokaci su yi bororo, idan sun warke su bar baƙin tabo zagayayye. Kullum wuri ɗaya suke fitowa. Matata tana zargin ciwon sanyi ne, maganar har ta kawo saɓani a tsakaninmu.

Amsa

Wa alaikas salam, ɗan'uwa, Allah ya daidaita tsakaninku. Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da wani boren fata da magani ke jawowa, wanda alamarsa ita ce komawa wuri ɗaya. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke zaune a daidai wurin, sun riƙe maganin, duk lokacin da ya shigo jini sai su far wa fatar da ke kewaye da su, yawanci cikin 'yan awanni. Leɓe da al'aura da hannu su ne wuraren da ya fi so, kuma a baƙar fata tabon da yake bari yana da duhu sosai. Ba a ɗaukarsa ta saduwa kuma ba ya yaɗuwa zuwa wani mutum. Duk da haka ina ba ka shawara ku je asibiti tare da matarka lokacin da abin ya fito, likita ya gani da idonsa, ya yi gwajin da zai kawar da sauran cututtukan da ke fitowa a wurin, ita ma ta ji bayanin daga bakinsa, domin hakan zai fi kwantar mata da hankali fiye da duk abin da za ka faɗa.

Wannan nau'in bore magani ɗaya yake bi, tare da makusantansa a tsari. Firoksikam da ibufurofen da naforoksen suna cikin masu jawo shi, haka Septrin da Fansidar da tetarasaikilin, har da farasitamol a wasu mutane. A nan ne haɗi yake cutar da kai sau biyu. An ɓare ƙwayoyin daga mazubinsu, babu suna babu awo, don haka ba ka san wanne ne mai laifin ba. Sannan sau da yawa akan samu 'yan gida ɗaya biyu ko uku a ƙulli guda, abin da ba ya ƙara sauƙin ciwo amma yana ninka haɗari ga ciki da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Wannan al'ada tana damuna matuƙa, domin waɗanda suka fi dogara da ita su ne masu aikin ƙarfi da jikinsu ne jarinsu.

Dole in gargaɗe ka a kan abin da ya fi wannan tsanani. Idan aka ci gaba da shan maganin, tabon yakan ƙaru, wani lokaci ya bazu a jiki da manyan bororo. Akwai kuma wata cuta dabam mai suna Stevens-Johnson, wadda likitocin yara biyu na Amurka suka bayyana a 1922, kuma firoksikam da makusantansa suna cikin magungunan da aka fi dangantawa da ita. Ba ta da yawa, amma tana kisa. Takan zo ne tsakanin kwana 4 zuwa mako 4 da fara sabon magani, ta fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, sai baki ya fashe da gyambo, fata ta yi zafi idan an taɓa, sannan ta fara salewa kamar wadda ruwan zafi ya ƙona. A farkonta ana ɗaukarta ƙyanda ko ƙarambau ko maleriya, a ƙara wa mutum magani a kan magani, wasu kuma su ce jifa ne a zauna a gida. Duk wanda ya ga zazzaɓi da ƙuraje tare da gyambon baki ko ido bayan fara magani, ya dakatar da shi ya tafi babban asibiti da dukkan kwalaye da ledojin abin da ya sha.

Kai kuma abin da za ka yi yanzu shi ne ka bar haɗin gaba ɗaya. Ka koma wurin mai sayarwa ka roƙe shi ya nuna maka kwalin kowace ƙwaya da yake zubawa, ka ɗauki hotonsu a waya, ko ka kai ƙulli ɗaya wurin mai harhaɗa magunguna a asibiti ya tantance maka su. Da wannan jerin likitan fata zai iya gano mai laifin, wani lokaci ta hanyar manna ɗan maganin a kan tsohon tabon a ga ko zai tashi, kuma za a iya cike fom ɗin rahoton illar magani a aika wa hukumar NAFDAC. Baƙin tabon zai dusashe da kansa a hankali cikin watanni matuƙar ba a sake tayar da shi ba. Kada ka shafa masa man bilicin ko ka goge shi da wani abu mai kaifi, domin fatar leɓe da ta al'aura siririya ce, kuma ƙara mata rauni ƙara mata duhu yake yi.